Zagayen Baƙi

Angama yana ƙoƙarin cusa ƙullin kayan wata tsohuwa a bayan mota wayarsa ta yi ƙara. Da ya ga Manaja ne sai ya matsa gefe, bayan wata doguwar bas mai fesa hayaƙi, ya toshe kunne ɗaya da yatsa.

"Ka same ta?"

"Na same ta, yallaɓai. Yanzu za mu kama hanyar asibiti."

"A'a, ba asibiti ba tukuna. Buɗe kunnenka da kyau. Masu bincike daga hukumar tashar jiragen ruwa suna asibitin tun da safe, sai tambaye-tambaye suke yi. Ba na son uwar yaron ta faɗo tsakiyarsu tana kuka, wani mai dogon baki cikin leburori ya ja ta gefe ya cika mata kunne da zancen igiya. Ka yi mata zagayen baƙi. In sun tafi zan kira ka."

"Zagayen baƙi, yallaɓai? Ɗanta fa yana kwance."

"Likitoci na kansa. Ka ce mata sai yamma ake barin 'yan dubiya. Ai ba yau ka fara ba, ka san wuraren."

Angama ya buɗe baki, abin da ya saba fitowa ya fito.

"An gama, yallaɓai."

Daga nan ya samo sunan. Tun yana da baƙin gashi yake tuƙa motar wani kamfani mai sauke kayan jiragen ruwa, kuma ba a taɓa ba shi umarni ya amsa da wata kalma ba. A kamfanin akwai tsari guda da ba ya canzawa: duk baƙon da ya zo, injiniya ne ko mai odar kaya, kafin ya koma sai an zaga da shi gari. Hasumiyar fitilar jiragen ruwa, tsohuwar ganuwa mai igwa, gidan kifaye, a ƙare da bakin teku. Angama ya haddace bayanin kowane wuri, har da inda zai yi shiru baƙo ya yi dariya. Ko a barci aka tashe shi zai karanto maka tas.

Amma yau ba injiniya ya ɗauko ba. Jiya da rana igiyar ƙarfen injin ɗaga kaya ta tsinke, kwantena ta rikito, gefenta ya danne matashin da ke maƙala ƙugiya a ƙasa. Duk tashar ta san an sha kai ƙorafin igiyar nan. Duk tashar kuma ta san ba a canza ta ba. Tsohuwar nan da ta kwana a bas tana tafe ita ce mahaifiyar yaron.

Ya buɗe mata ƙofar baya, ta ƙi.

"Ni ba matar minista ba ce, Malam. Gaba zan zauna, in ga inda ake kai ni."

Gajera ce, da tabarau mai kauri wanda aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Ta ce masa ɗinki ne ya cinye mata idanu. Ta ɗora 'yar jakarta a cinya ta rungume da hannu biyu, ta dube shi.

"Ka gan shi? Autana. Yaya jikin nasa?"

"Da sauƙi, Inna. Likitoci na kansa." Ya tayar da mota, idonsa a kan madubi. "Sai dai sun ce sai yamma ake barin 'yan dubiya."

"Sai yamma? Ni 'yar dubiya ce? Ni na haife shi fa."

"Dokar asibitin ce, Inna. Manaja ya ce kafin nan in ɗan zaga da ke, ki sha iska, ki ga gari."

"In ga gari." Ta maimaita a hankali, kamar mai ɗanɗana magani. "To, ku kuka san dokar garinku. Amma kai ni kusa, in zauna a bakin ƙofa."

"Ba sa bari a zauna, Inna. Masu gadi za su kore mu."

Wallahi ƙaryar ta fito masa sumul, shi kansa sai da ya ji kunyar sauƙin da ta yi. Ya ba wa kansa haƙuri da cewa ɗan lokaci ne, masu bincike ba kwana za su yi ba. Ya hau babban titi, ya bar mararrabar asibiti a hannun dama, ya karya hagu.

Hasumiyar tana ƙarshen wani dogon tsiri na duwatsu, fara sol, da jan rawani a kanta. Masu hoto da masu sayar da hulunan rana sun san motar, suka taso a guje, suna ganin wadda ta fito suka koma inuwarsu. Inna ta ɗaga kai ta dubi matakalar, ta ce gwiwoyinta ba su yi mata laifin da za ta hukunta su haka ba. Ta samu benci ta zauna, fuskarta na kallon ruwa.

Ta daɗe tana kallo. Igiyar ruwa na dukan duwatsu tana komawa, tana sake dawowa.

"Wannan duk ruwa ne? Har can inda ya haɗe da sama?"

"Har gaba da nan, Inna."

"Ikon Allah. Ashe ba ƙari yake yi ba." Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi. "Duk wayar da zai yi mini sai ya lissafo. Inna, zan kai ki hasumiya. Inna, zan kai ki inda kifi ke yawo a saman kanki. Inna, sai kin ga jirgin da ya fi unguwarmu girma. In ce masa, kai dai ka yi aure tukuna, in zo in ga jika, kifi ai na gani a kasko. Sai ya yi ta dariya, ja'irin."

Angama ya yi ƙoƙarin murmushi, fuskarsa ta ƙi.

"Malam, ka yi mini alfarma guda. Kada ka gaya masa ka kawo ni nan. In ya miƙe shi zai kawo ni, ni kuwa in buɗe baki in yi ta salati kamar ban taɓa gani ba. Kada mu ɓata masa."

"Ba zan faɗa ba, Inna."

Ya juya ya nufi wajen mai shayi don kada ta ga idonsa. Ya kawo mata kofi ɗaya da burodi. Ta riƙe kofin har ya huce, ba ta kai shi baki ba. Shi kuwa wayarsa yake ta zarowa daga aljihu yana dubawa. Manaja shiru.

Da zaman ya fara tsawo har ta soma kallonsa ta gefen tabarau, sai ya ce su ƙara gaba.

Tsohuwar ganuwa tana kan tudu, mota na kaiwa har ƙofarta. Ciki akwai fili mai daɓen dutse da igwa, manyan bindigogin nan na da, a jere, bakunansu na kallon teku, tsatsa ta ci su, yara sun cusa musu ledoji da robobin ruwa. Inna ta bi shi a hankali tana dafa bango. Shi kuma, don ya cike shirun da ke tsakaninsu, sai ya kama karatunsa. Ya faɗi yadda aka ɗauko duwatsun, ya nuna ɗakin da ake kulle fursunoni, ya nuna igwar da ba a taɓa harba ta ba sai sau ɗaya, ta kuma kashe jakin mai gadi. A nan baƙi kan yi dariya. Inna ta ce, "Allah sarki, jaki."

Suka iso ƙarshen bango, inda ake hango tashar gaba ɗayanta a ƙasa: jirage a jere, kwantenoni ja da shuɗi an tsiba su kamar akwatunan amare, dogayen injina na miƙe da wuya a kansu. A nan ne kullum yake rufe bayani, a nan ne kamfani ya fi son baƙo ya tsaya. Hannunsa ya ɗaga da kansa ya nuna, bakinsa ya ci gaba da kansa.

"Can kuma wurin aikinmu ne. Waɗancan injinan dare da rana suke ɗaga kaya, kowanne na ɗaukar nauyin tirela da kayanta. Kuma mu a tasharmu, ko ƙusa ba ta faɗuwa ƙasa."

Sai da maganar ta fita ya ji ta. Kash! Da ana kamo magana a mayar, da ya bi ta da gudu.

Inna ba ta dube shi ba. Ta ƙura wa tashar ido.

"To me ya faɗo wa ɗana?"

"Inna, ki yafe ni. Baki ne ya saba."

"Wanne ne a cikinsu?"

Ba yadda zai yi. Ya nuna mata na can ƙarshe, wanda shi kaɗai ne a tsaye cik ba ya motsi, an zagaye ƙasansa da jan kyalle. Daga nan sama mutanen da ke kewaye da shi ba su fi tururuwa ba. Ta matsa tabarau, ta leƙa, ta sake leƙawa.

"Ba na gani sosai," ta ce. "Gara ma haka."

Wayarsa ta yi ƙara. Ya zaro da sauri yana zaton Manaja ne, sai ya ga mai injin ne, wato mutumin da ke saman injin jiya lokacin da igiyar ta tsinke. Tun da aka kwashi yaron bai bar asibitin ba, ko gida bai je ya canza riga ba. Angama ya koma bayan wata igwa.

"Kuna ina ne, Angama? Tun ɗazu bas ta iso, na tambaya."

"Muna hanya."

"Wace irin hanya? Yaron ya farfaɗo. Ya buɗe ido, Innarsa kawai yake kira. Nas ta ce in akwai uwarsa a kusa a kawo ta yanzu-yanzu. Ka ji yadda ta faɗa kuwa? Yanzu-yanzu ta ce. Ka san abin da suke nufi in sun faɗi haka."

"Masu binciken fa?"

"Ina ruwana da masu bincike! Don girman Allah ka kawo matar nan."

Angama ya kashe, ya kira Manaja. Ta yi ta ringi har ta katse. Ya sake kira. A na uku aka ɗauka, da murya ƙasa-ƙasa irin ta wanda ya fito daga taro.

"Me ya faru?"

"Yallaɓai, yaron ya farka, yana neman uwarsa. An ce jikin ya yi tsanani. Ka bari in kawo ta, ko ta ƙofar baya ce."

"Wa ya gaya maka? Wancan mai injin? Shi da ya kamata a ce yana hannun 'yan sanda? Saurara, suna kan rubuta rahotonsu, saura ƙiris. Yaro matashi ne, mai ƙarfi, ba yanzu zai mutu ba. Kun je gidan kifaye?"

"Ba mu je ba."

"To kai ta. Kuma Angama, ka girme ni, ba na son in gaya maka magana. Amma direbobi na nan a bakin get kullum suna neman aiki."

Ya tsaya da wayar a kunne bayan an kashe. Ya san daidai, ya san ba daidai ba, babu wani ruɗani a ciki. Asibiti na can ƙetaren ruwa, yana iya hango farin gininsa daga inda yake tsaye. Abin da kawai ake bukata shi ne ya ce a'a sau ɗaya a rayuwarsa. Ya tuna 'ya'yansa mata da ke makaranta, ya tuna furfurarsa, ya tuna samarin nan na bakin get da lasisinsu a hannu. Ya ce wa ransa saura ƙiris, ai Manaja ya ce saura ƙiris. Tir da wannan ƙiris ɗin.

"Wa ya kira?" Inna ta tambaya da ya dawo.

"Daga ofis ne, Inna. Mu je ki ga kifayen nan, kafin nan lokaci ya yi."

Ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta juya ta nufi mota.

Gidan kifaye sanyi gare shi da duhu, ba haske sai shuɗin da ke fitowa daga gilasai. Akwai wani dogon lungu da ruwa ya rufe samansa, kifaye manya masu faɗi na shawagi a kan mutane, inuwarsu na bin fuskoki. Masu yawon buɗe ido sun cika wurin, suna ɗaga wayoyi, suna kiran junansu su zo su gani. Angama bai yi bayani ko ɗaya ba. Gumi yake yi cikin sanyin nan, rigarsa ta manne masa a baya. Inna ta ɗaga kai sau ɗaya, ta sauke, ta ce a nuna mata bayan gida.

Ya jira ta a bakin ƙofa. Ya duba waya. Kira biyu daga mai injin, bai ji shigowarsu ba saboda hayaniya. Daga Manaja babu komai. Yana shirin mayar da kiran ta fito, wata mata mai goge-goge na biye da ita da tsumma a hannu, tana yi masa wani irin kallo.

Inna ta zo gabansa ta tsaya. Ko kafaɗarsa ba ta kai ba, amma sai ya ji shi ne ƙarami.

"Malam, baiwar Allahn nan ta ce mijinta ya kwanta a asibitin nan bara. Ta ce wanda jikinsa ya yi tsanani, uwarsa ko matarsa ba su da lokacin shiga, ko yaushe suka zo buɗe musu ake yi. Ta ce ba wani mai gadi da ke korar mutane." Muryarta ba ta tashi ba. "Tun safe nake jin abin a jikina, na ce kada in zargi bawan Allah mai furfura. Yanzu ka dube ni. Kana da uwa?"

"Ta rasu, Inna."

"To don darajar kabarinta, me kake yi da ni?"

Nan ya ja da baya. Ya jingina da gilashin, wani ƙaton kifi ya zo ya wuce ta bayan kansa. Ya faɗa mata duka, bai rage ba: masu bincike, igiyar da aka ƙi canzawa, umarnin Manaja, ƙaryar 'yan dubiya. Yana faɗa yana kallon takalmansa.

"Yana da rai?"

"Yana da rai. Ya farka." Bai ɗago kai ba. "Yana kiranki."

"Yana kirana." Ta dafe ƙirji. "Tun yaushe?"

"Tun muna kan ganuwa."

"Tun muna kan ganuwa ɗana ke kirana, ka kawo ni kallon kifi?"

Mai goge-gogen ta saki salati. Angama ya so a ce tsohuwar ta mare shi, ko ta yi kururuwa ta tara masa jama'a, da ya fi masa sauƙi. Ba ta yi ko ɗaya ba.

"Allah ya isa tsakanina da mai gidanka," ta ce. "Kai kuma ba ni da lokacinka yanzu. Tuƙa."

Bai san ya iya irin wannan tuƙin ba. Ya fizgi motar daga wurin ajiya har tayoyi suka yi ƙara, ya kutsa tsakanin bas da babur, ya danne hon bai ɗaga ba. Ya keta jar danja, wani ɗan tasi ya leƙo ya zage shi tun daga kakanni, ko waiwaye bai yi ba. Wayar ta haska a kusa da giyar mota, Manaja ne. Ya kife ta. Ta sake ƙara, ya bar ta tana yi. Inna ta riƙe madafin ƙofa da hannu ɗaya, ɗayan na kan jakarta, bakinta na motsi.

"Auta, ga ni nan," take cewa a hankali. "Ga ni nan zuwa, ɗan albarka. Ka jira ni."

Hanya biyu ce zuwa asibitin. Ɗaya ta zagaya ta bayan gari, ta cikin kasuwa da cunkoson manyan motoci. Ɗayar ta haye gadar da ke kan mashigin tashar, kana sauka ka ga get ɗin asibiti. Ya zaɓi gada, kowa ma ita zai zaɓa. Ya hau gangaren da gudu, har ya fara hango tagogin ginin ɗaya-ɗaya, sai jiniya ta tashi. Fitilu ja suka kama walƙiya. Sandar tare hanya ta sauko a hankali, mota biyu kacal a gabansu.

"A'a," ya ce. "A'a, a'a, don Allah."

Ya waiga zai yi baya, tuni motoci sun jeru a bayansa har gindin gangaren, ba wurin juyawa ko na keke.

Gadar irin mai rabewa ce. Idan babban jirgi zai shiga sai ta tsage a tsakiya, kowane ɓangare ya miƙe sama. Ba kullum ake dacewa da ita ba. Baƙi nawa ne suka roƙe shi ya kawo su su gani, ya yi ta auna lokaci yana kuskurewa, su koma ƙasarsu da takaici. Yau da ba ya nema, ga ta. Kwalta da fentinta da turakun fitilunta suka tashi tsaye a gabansu kamar bango.

Ya ɓalle ƙofa ya fita a guje zuwa ɗan ɗakin mai kula da sanda, yana haki.

"Ɗan'uwa, ka taimaka! Uwa ce a motar can, ɗanta na asibiti rai a hannun Allah. Ka sauke mana, mu kaɗai mu wuce."

Mutumin ya leƙo ta taga, ya dubi motar, ya dube shi. Ba mugu ba ne, fuskarsa ta nuna.

"Baba, ko uwata ce a ciki ba ni da iko. Dubi can. Abin nan ba shi da birki irin naka. Sai ya wuce."

Jirgin ya riga ya sako kai. Baƙi ne, dogo, kwantenoni jibge a kansa hawa-hawa, wasu ƙananan jirage biyu na jansa kamar ana jan bijimi zuwa kasuwa. Tafiya yake kamar ba ya so. Mutane suka firfito daga motoci, suka jeru a bakin ƙarfe da wayoyinsu. Wani ya ɗora 'yarsa a wuya don ta gani. Wasu ma'aikata a saman jirgin suna ɗaga hannu, ana ɗaga musu.

Angama ya koma mota ya zauna, ya rufe ƙofa. Bai iya kallon gefensa ba. Inuwar jirgin ta rufe su, cikin motar ya yi duhu.

"Wannan ne wanda ya fi unguwarmu girma," Inna ta ce, ba da shi take ba.

Wayar ta yi ƙara. Ya juyo ta. Mai injin.

Ya kai ta kunne. Ba a yi magana ba. Numfashi kawai yake ji, sai wani sauti daga maƙogwaron babban mutum da ke ƙoƙarin danne kuka ya kasa. A bayansa ana jin takun takalma da ƙarar keken marasa lafiya. Can mai injin ya ce, "Angama," ya sake cewa, "Angama," bai iya ƙarasawa ba. Ba sai ya ƙarasa ba.

Ya sauke wayar a hankali ya ajiye a cinya. Hannuwansa suka kama sitiyari. Ya juyo, bakinsa ya buɗe.

"Kada ka faɗa," Inna ta ce.

"Inna..."

"Na ce kada ka faɗa. Kai da ka iya riƙe magana tun safe, riƙe wannan ma." Idonta na kan jirgin, hawaye na bin ƙarƙashin tabarau suna ɗiga a kan jakar. "Bari abin nan ya wuce tukuna. Ban ji komai ba. Ina da ɗa a ƙetaren gadar nan, yana jirana."

Ya rufe bakinsa. Kuka ya taso masa, ya cije shi, don ya san ba shi da hakkin yin sa a gabanta. Suka zauna. Jirgin ya yi ta wucewa, bango bayan bango na ƙarfe, ja, shuɗi, ja, kamar ba zai ƙare ba, kuma a karon farko tun safe Angama ya roƙi Allah kada ya ƙare. Wayar ta sake haskawa a cinyarsa, Manaja ne, wataƙila masu bincike sun tafi. Ya danna ta ya kashe gaba ɗaya.

Sai ga ƙarshen jirgin, da tutarsa da kumfar da yake bari a baya. Haske ya dawo cikin motar. Jiniya ta sake tashi. Ɓangarorin gadar suka fara sunkuyowa a hankali har suka haɗe da wata ƙara mai nauyi. Masu kallo suka koma motocinsu suna duba hotunan da suka ɗauka. Sanda ta ɗaga. Motoci biyun da ke gaba suka wuce.

Angama bai motsa ba. Na baya suka fara hon, ɗaya, biyu, sannan dukansu.

Inna ta cire tabarau, ta share fuska da tafin hannu, ta mayar. Ta gyara mayafinta, ta ja shi har goshi.

"Mu je, Malam," ta ce. "Ba sai ka yi gudu ba."